Tuzurun Bishiya a Lambun Durban

 

An nemi in yi magana kan lambunan itatuwa da jama'a ke shiga kyauta. Na ga idan na ce zan zagaya duniya da ku, magariba za ta riske mu ba mu isa ko'ina ba. Saboda haka lambu ɗaya na ɗauko, wanda na taka da ƙafata, wato lambun tsirrai na birnin Durban, a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, a gaɓar Tekun Indiya.

Da na isa bakin ƙofa sai na fara laluben aljihu, kamar yadda muka saba. Mai gadi ya yi mini nuni da hannu in wuce. Babu tikiti, babu mai tambayar wanda ya aiko ka. Fili ne na hekta 15 a tsakiyar birni, hukumar birnin, wato eThekwini, ke riƙe da shi. A ciki na tarar da 'yan makaranta a bayan malamarsu, amarya da ango ana ɗaukarsu hoto, da wani dattijo da ya cire takalmi yana gyangyaɗi a kan ciyawa, agwagin ruwa na kiwo kusa da kansa. A garin da har ƙarshen shekarun 1980 ake kafa allo a bakin teku cewa wannan rairayin na farar fata ne kaɗai, irin wannan cakuɗuwa ba ƙaramin abu ba ce.

Sai dai kada ku ɗauka don shan iskar talaka aka kafa wurin. A 1849 wata ƙungiyar Turawa manoma 'yan kama-wuri-zauna ta buɗe shi, a 1851 aka dawo da shi inda yake yanzu, gindin tudun Berea. Shi ne lambun tsirrai mafi daɗewa da ya rage a nahiyar Afirka. Gonar gwaji ce. Durban ba ta san hunturu irin na Turai ba, ba ta kuma san rani irin namu ba: ruwan teku mai ɗumi yana bin gaɓarta, ruwan sama yana kai kusan milimita 1,000 a shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa zufa ce kamar an rufe ka a tukunya. Turawan suna so su san abin da wannan ƙasa za ta haifa musu na kuɗi, sai suka riƙa kawo iri daga ko'ina suna gwadawa: rake, shayi, kofi, abarba. Rake ne ya mamaye gaɓar Natal, shi ne kuma ya sa daga 1860 aka fara jigilar leburori daga Indiya a jiragen ruwa. Jikokinsu na cikin masu shimfiɗa tabarma a lambun yau.

Mu ma irin wannan jigilar tsirrai ta taɓa mu. Darbejiyar da muke fakewa a inuwarta daga Maiduguri har Maraɗi 'yar Indiya ce, a zamanin Turawa ta iso. Baƙuwa ce da ta zama 'yar gari.

Yanzu bari in zo kan abin da ya tsayar da ni fiye da awa guda a wuri ɗaya. Daga 1882 zuwa 1913 mai kula da lambun shi ne John Medley Wood, mutumin da ba jami'a ce ta koya masa ilimin tsirrai ba, yawon daji da naci ne suka koya masa. A 1895, a gefen dajin Ongoye da ke ƙasar Zulu, ya ci karo da wani kututture mai rassa huɗu na irin itacen da masana ke kira saikad. In kun gan shi za ku ce ƙanin dabino ne, ga gaɓa mai kauri, ga ganye a ka kamar lema. Amma ba su haɗa dangi ba. Zuriyar saikad ta girmi duk wata bishiya mai fure, tun zamanin manyan dabbobin nan da suka shuɗe ake da ita.

Manoman da ke cikin ɗakin nan sun san dabino akwai namiji akwai mace, haka giginya, haka gwanda. Wanda ya shuka gwanda ta fito namiji ya san takaicin. To saikad ma haka yake, kuma wanda Wood ya gani namiji ne. Aka ba shi sunan mai gano shi, Encephalartos woodii. Aka shiga daji neman macen, ba a samu ba. Ba a kuma sake ganin wani namijin ba. A 1903 aka ciro 'ya'yan gindinsa aka dasa a Durban, a 1907 mataimakin Wood, James Wylie, ya kwaso manyan rassa biyu, a 1916 aka cire na ƙarshe aka kai Pretoria. Daga ranar irin ya ƙare a daji.

Duk wanda ke duniya yau, har da wanda aka aika lambun Kew na Landan a 1899, daga jikin wannan ɗaya aka ɓalle shi, yadda muke ɓallar 'ya'yan ayaba mu dasa. Ɗaruruwa ne, amma a gaskiya mutum ɗaya ne a gidaje da yawa. Yana fitar da tozonsa mai launin lemo, ya zubar da garin haihuwa, babu inda garin zai sauka.

Wani zai ce abu mai daraja haka ai a kulle ya kamata a ajiye shi, mai son gani ya biya. Maganar tana da tushe, domin satar saikad sana'a ce a Afirka ta Kudu. Masu kuɗi na sayensu da tsada, har ta kai ana cusa wa wasu 'yar na'ura a cikin gaɓa don a gane su in an sace, kuma a 2014 ɓarayi sun shiga lambun Kirstenbosch na Cape Town sun tumɓuke da dama. Ni dai ra'ayina ya bambanta. Kuɗin da ke biyan masu ban ruwa da masu gadi daga harajin mutanen gari yake fitowa, har da mai sharar titi. In ka sa masa kuɗin ƙofa, ka sa ya biya sau biyu ke nan, kuma mun san ba zai zo ba. Wanda bai taɓa tsayawa a gindin itacen ba, ran da aka ce an sace shi, ko kai ba zai ɗaga ba.

Neman macen kuwa ba a fasa ba. An gwada haɗa shi da wani ɗan'uwansa na kusa, Encephalartos natalensis, ana sake haɗa 'ya'yan da shi, ko a hankali a samu mace mai kama da tasa. A 2024 masu bincike daga Jami'ar Southampton ta Ingila suka ba da labarin yadda suke tashin jirage marasa matuƙi a kan dajin Ongoye, mai faɗin kusan hekta 4,000, suna ɗaukar hoto kwamfuta na tantancewa. Lokacin da suka yi bayanin, ɗan yanki kaɗan na dajin suka duba.

Shugaban zama, na ga kana duban agogo. A buɗe fagen tambayoyi.