ZAMA A GARIN MASU KIƊA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin dattawa, ɗan kasuwar goro, ya yi a taron ƙungiya na bayan Sallah a Sabo, Badun.

 

  

Ranar da Sakatare ya same ni a rumfa ya ce an sa ni in yi magana a kan zamanmu da mutanen garin nan, musamman batun kiɗa da bukukuwa, sai da na yi dariya. Na ce masa, ni da ko ranar aurena ban taka rawa ba? Ya ce ai shi ya sa aka zaɓe ka. To, ni dai ba malami ba ne, karatuna bai wuce na Islamiyya ba. Saboda haka hukuncin halas da haram ba daga bakina za ku ji shi ba, ga masu abin nan zaune a sahun gaba. Abin da nake da shi kawai, a unguwar nan aka yanke mini cibiya, na haura shekara 50 a cikinta, kuma kasuwa ta sa na shiga lungunan Badun da yawancinmu ba su taɓa takawa ba.

Kun dai san tarihi. Jirgin ƙasa ya iso garin nan daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, aka keɓe wa kakanninmu wannan unguwa a 1916. Shanu su gangaro Kurmi, goro ya hau Arewa, a kan wannan aka kafa Sabo. Watau mun wuce shekara 100 muna maƙwabtaka da Yarabawa. Amma sau da yawa in ka ji ɗayanmu yana maganar kiɗansu, sai ka rantse jiya ya sauka a tasha. "Mutanen nan ba sa gajiya da hayaniya," iyakar abin da muke cewa ke nan.

Gaskiya ne, Badun gari ne mai kiɗa. Ka fito da safe ka shiga ƙaramar Micra daga Mokola zuwa Dugbe, direba ya cusa ku kamar kifin gwangwani, rediyonsa na ta zuba fuji. Ka sauka, mai sayar da waya ya kafa lasifika, mai maganin gargajiya ya kafa tasa. Ka gangara Oja'ba ko Bere, wataƙila ka ci karo da makaɗa biyu ko uku suna bin wani mai babbar riga har sai ya zaro wani abu. Ranar Asabar kuwa ba a magana, daga Molete har Bodija rumfuna ne da kujeru da mata cikin anko, abin da suke kira owambe. Lahadi da safe coci ta ɗauka, ga kuma 'yan uwanmu Musulmi na ƙungiyoyin asalatu su ma da nasu waƙe. Wannan duk mun sani. Abin da ba mu cika tsayawa mu lura da shi ba, akwai hannun iyayenmu a cikin wannan kiɗa.

Bari in ba ku misali. Abin da Bahaushe ke kira kalangu, su gangan suke ce masa, ga mai kama da shi babba wanda suke kira iya ilu, watau uwar ganguna, mai 'yan ƙararrawa a baki. Yadda makaɗin mahauta ke matsa tsirkiya a hammata ya sa kalangu ya kira sunan mutum, haka su ma suke yi. Sai dai su harshensu hawa uku gare shi, sama da tsakiya da ƙasa, don haka gangar tana faɗin karin magana sak, Bayarabe ya ji ya gane, wani lokaci har ya fusata in zagi ne. Kiɗan ma gado ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. In ka ji sunan mutum ya fara da Ayan, to ɗan gidan makaɗa ne.

Kiɗan da suke kira sakara, wanda marigayi Yusuf Olatunji ya yi suna da shi kafin rasuwarsa a 1978, da goge ake yin sa, su kuma suna cewa goje. Waƙoƙin da matansu Musulmi ke yi, irin na su Salawa Abeni, waka suke kiransu. Ai ba sai na fassara muku ba. Kamar dai yadda suka karɓi albasa suka ce alubosa, mu kuma muka karɓi agogo da ashana daga bakinsu, ba wanda ya biya wani ko kwabo.

Shi kansa fuji da ya cika mana kunne, daga azumi ya fito. Mu da muka tashi a shekarun 1970 da 1980 mun ga ƙarshen abin. Da tsakar dare a watan Ramadan samarin Yarabawa kan fito ƙungiya-ƙungiya da 'yan ganguna suna zaga unguwa suna tashin mutane sahur, ana kiran abin were, su kuma ajisari. A ƙarshen wata a yi gasa a ba gwani kyauta. A cikin waɗannan yara marigayi Sikiru Ayinde Barrister ya taso a Ikko, mahaifinsa kuwa ɗan Badun ne. Ya yi aikin soja, daga baya ya ɗauki kiɗan tashin sahur ya gauraya shi da sakara da apala, ya raɗa masa suna fuji, wai sunan wani dutse ne a ƙasar Japan. Ya rasu a 2010. A nan cikin gari kuma marigayi Dauda Epo Akara ya fitar da nasa salon daga were, ya kira shi awurebe. Kun ga ke nan abin da ya fara da "ku tashi ku ci sahur" shi ne ya zama na liƙi da rawa har asuba. Ni wannan ya kan ba ni tsoro, domin haka abu ke sauya kama a hannun mutane ba su ankara ba.

Inda muka sha bamban da su shi ne matsayin makaɗi. A wurinmu, komai daɗin muryar mutum, in an zo neman aure sai an ce ɗan maroƙa ne. Mun saurari kaset ɗin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo har zare ya tsinke, amma mutum nawa ne a nan zai ba ɗan makaɗi 'yarsa ba tare da dangi sun yi taro ba? Su kuwa mawaƙi Alhaji ne, mai sarauta ne, ana ba shi kujerar gaba. I.K. Dairo, mai kiɗan juju da ya kafa ƙungiyarsa a garin nan, har lambar girma ya samu daga Sarauniyar Ingila a 1963. Yinka Ayefele ga shi nan da gidan rediyonsa a Challenge. Yaron da aka haifa a Sabo yana ganin wannan duka, kada mu ruɗi kanmu.

Zan faɗa muku abu biyu da suka same ni. Ina da sito a wata unguwar Yarabawa, inda muke ɗaure huhun goro kafin a yi lodi. Wata shekara mahaifiyar maƙwabcina ta rasu, tsohuwa tukuf, ta ga jikokin jikoki. Na je ta'aziyya na sunkuyar da kai yadda muka saba, sai na tarar ana ta raha, har aka nuno mini ƙyallen anko da kuɗinsa. A wurinsu wanda ya tsufa ya bar baya, mutuwarsa biki ce. Mu muna sadakar uku da bakwai da arba'in, su Musulminsu ranar takwas suke babban taro. To ranar takwas ɗin nan ta faɗo daidai da ranar lodina. Na zo na tarar an toshe titi da rumfuna, an kafa makaɗa, mota ba ta da hanyar shiga. Kun san goro ba ya son jira, ba ya son zafi. Raina ya ɓaci, na sami babban ɗan na faɗa masa maganar da ban so in maimaita a gaban malamai ba. Mutumin nan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, duk Juma'a in na biyo ta Sabo nakan tarar kun shimfiɗa tabarmi a titi, nakan juya in sake hanya. Ka taɓa jin na yi magana?" Wallahi sai na rasa ta cewa. Ya kira samarin gidan, cikin sababbin kayansu, suka ɗauki huhunan a ka har bakin babban titi inda mota ta tsaya.

A watan Fabrairu na 2021, da rikici ya tashi a kasuwar Sasa aka yi asarar rayuka da dukiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, kowa ya san yadda hankali ya tashi har a unguwannin da ke nesa da wurin. Wannan maƙwabcin nawa shi ya bugo mini waya ya ce kada in fito, kada in turo yara. Ya ɗauko benci ya zauna a ƙofar sitona kwana biyu. Tun daga ranar, in an kawo mini katin biki daga gidansu nakan je. In gaisa da manya, in ba da gudummawata, in ci amala da miyar wake in dai na san wanda ya yanka naman, galibi ma saniyar daga hannun mutanenmu aka saye ta. Kafin a fara fito da kwalabe na yi sallama. Ban ga abin da ya ragu a jikina ba.

Na biyun ya fi nauyi, kuma sai da na nemi izinin mai ɗakina kafin in faɗe shi a nan. Bara wani ya nuna mini hoton bidiyo a waya, wani biki ne a Molete, ga mawaƙin fuji a gaba, ga makaɗa a bayansa. Na duba da kyau, sai ga ɗana na cikina, wanda ya sauke Alƙur'ani, rungume da gangan yana kaɗawa. Kuma abin haushin, ya iya. Uwarsa ta kwana tana kuka. Da na zaunar da shi, bayan na gama faɗa, na tambaye shi ko ya san taken mahauta, ko na 'yan dambe, ko na garin kakansa. Ya ce, "Baba, a ina zan ji su?" Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Lokacin da muke yara akwai masu kalangu da 'yan kuge da masu goge a unguwar nan, ana tashe daga goma ga azumi, yara su zaga gida-gida. Yau in ana biki sai a ɗauko dije da manyan lasifikoki, ya sa Hamisu Breaker, ya sa Ali Jita, can ya juya ya sa fuji. Mun bar namu ya mutu don muna jin kunyarsa, yaro kuma ya buɗe ido a garin da ko'ina ganga ce. Mun yi sharaɗi da shi, makaranta da rumfa su ne gaba, ba kwana a waje, ba wurin giya. Amma kada in yi muku ƙarya, maganar ba ta mutu ba a gidana har yau.

Wannan ya kawo ni ga takardar da ke gaban kwamiti, wadda ta ce a hana kiɗa kwata-kwata a bukukuwan unguwa. Na san waɗanda suka kawo ta, yayyena ne, kuma na san abin da ya dame su. Ni ma na ga daren da aka kai ƙarfe 2 ana kiɗa ga mara lafiya kwance a maƙwabta. Na ga an kira sallar Isha'i lasifikar dije ta danne ta ladan. Amma ina roƙon a sake dubawa. In muka ce an hana, masu hali za su kama zauren biki a Ring Road ko Jericho, inda babu dattijo ko ɗaya da zai ga abin da 'ya'yanmu mata ke yi, talaka kaɗai dokar za ta hau. Gara abin ya tsaya a gabanmu mu sa masa linzami. A ce ƙarfe 10 na dare a kashe, kuma da an kira salla a tsaya cak har a idar. Wanda zai toshe layi ya zaga ya gaya wa maƙwabta tun da kwana uku, Bahaushe ne ko Bayarabe.

Sai liƙi. Wannan kam a nan na fi zafi, don ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake wahalar neman naira. Mun kwaikwayi owambe amma ba mu kwaikwayi adashen da suke yi wata da watanni kafin biki ba. Yaro ya je wurin 'yan canji ya sayi sababbin kuɗi da riba, ya watsa a ƙasa a tattaka, gobe ya zo rumfata neman bashin jari. Kuma ku sani akwai doka. Dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla N50,000, ko duka biyu, ga mai watsa naira ko taka ta, a 2024 kuma hukumar EFCC ta kai mutane kotu a Ikko har aka ɗaure. Kowa yanzu da waya a hannu yana ɗauka. A ajiye ƙwarya ko faranti a gaban amarya, mai bayarwa ya sa a ciki.

Abu na ƙarshe, Sakatare a rubuta. Akwai sauran tsofaffi biyu ko uku a unguwar nan da suka gaji kalangu, sun ajiye shi sun koma gadi da yankan farce. Ina neman kwamiti ya yarda a kira su a ɗauki abin da ke kansu, take da kirari da sunayen iyayen gidan da suka yi wa kiɗa, tunda tarihin Sabo ne. In malamai sun ga babu laifi, a dawo wa yara ƙanana da tashe a azumi mai zuwa, bayan tarawihi, ƙarƙashin idon malaman Islamiyya. Kuɗin shayi da na mota na tsofaffin ni na ɗauka. Wanda zai riƙe na'urar ɗaukar kuwa ina da shi a gida, tunda dai an ce kunnensa na da kyau.