Tukunyar Gida Ita Ce Asusun Farko: Jawabi Ga 'Yan Masarautar Gumel Mazauna Birane



An umarce ni in yi magana a kan tattalin arziki. Na zaɓi in tsaya kan abin da ya fi kusa da kowa, wato tukunyar shinkafa. Wani zai ga abin ya yi ƙanƙanta a taro irin wannan, to amma da yayyafi kogi kan cika, kuma ta ƙaramar ɓula randa kan tsiyaye.

Mu mutanen Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da gero da dawa da wake muka tashi. Shinkafa a da abincin salla ce da biki. Zaman birni ne ya mai da ta abincin kullum, har ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwa suka saba da aika yaro ya sayo ta dafaffiya a cikin roba. A lokacin da take araha, babu mai jin zafin haka. Yanzu zamani ya sauya. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, sai a Disambar 2020 aka buɗe huɗu daga cikinsu, har da tamu ta Maigatari. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya ya tashi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, buhun shinkafa mai kilo 50 ya wuce naira 80,000 a kasuwanni da dama, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a shekarar naira 70,000 ne. Farashi ya sassauto daga baya, amma darasin yana nan.

To, mu yi lissafi. Cikakken faranti ɗaya ba ya cin fiye da giram 125 na ɗanyar shinkafa, ke nan buhu guda zai ba da faranti 400. Ko da a kan naira 80,000 aka sayi buhun, shinkafar kowane faranti ta tsaya a kan 200. Mu ƙaddara mai da kayan miya da gas ko gawayi sun ci 300, jimla 500. Idan a unguwarku ana sayar da irin wannan faranti 1,500, bambancin naira 1,000 ne a rana, 30,000 a wata, 360,000 a shekara, ga mutum ɗaya mai cin sau ɗaya. Kowa ya sa farashin garin da yake zaune, zai ga nasa rabon.

Wannan bambanci ba zalunci ba ne daga masu sayar da abinci. Baiwar Allah da ke tuƙa tukunya a bakin tasha tana biyan hayar rumfa, da ladan 'yan aiki, da kuɗin roba da cokali, sannan ta nemi ribar da za ta ciyar da 'ya'yanta. Matafiyi da mai aikin dare ba su da makawa sai ita. Magana ta ga wanda yake da ɗaki da risho, amma ya mai da sayen ya zama ɗabi'a.

Shawarata guda huɗu ce. Ta farko, a saya da yawa kuma a kan kari. Jiharmu ta Jigawa na cikin manyan masu noman shinkafa. Fadamun Haɗeja, Auyo da Kafin Hausa maƙwabtanmu ne. 'Yan reshe guda za su iya yin karo-karo da kaka, su sayi buhuna, mota ɗaya ta kai musu, su raba da kwano. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta biyu, a daina raina shinkafar gida. Injinan zamani suna fitar da tsakuwarta, kuma tana da auki.

Ta uku, a kula da ajiya. Dafaffiyar shinkafa da ta daɗe a cikin zafi tana haifar da ƙwayoyin cuta masu kawo amai da gudawa, kuma ɗumame ba ya kashe dafinsu. Inda babu tabbacin wutar lantarki, a dafa daidai cikin yini. Abin da aka tara a madafi kada ya ƙare a asibiti.

Ta huɗu, a koya wa yara maza girki kafin su tafi makaranta ko neman kuɗi. Saurayin da ya iya garau-garau da dafa-duka ba zai ci bashin mai abinci ba. A riƙa kuma sirkawa da burabusko da dambu da tuwon dawa, tunda hatsin daga gonakinmu yake fitowa.

'Yan uwa, ina kuɗin da aka tsimin za su tafi? Kowannenmu yana da ƙane ko ƙanwa da ke neman kuɗin rajista a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko tsohuwa mai bukatar magani, ko ƙauyen da famfonsa ya lalace mata na tafiya mai nisa neman ruwa. Duk shekara a kan karanta mana sunayen waɗanda ba su biya gudummawar ƙungiya ba, uzurin kuwa ɗaya ne: babu. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Ina roƙon kowane reshe ya gwada sayayyar haɗin gwiwa a kakar bana, ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya rage, ya kawo mana rahoto a taron baɗi.

Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, Ya albarkaci ƙasar Lautai, Ya mai da kowa gidansa lafiya.