Allunan Gidajen Abinci da Tarihin Talaka a Ƙasar Dutsin-Ma



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙila wasu su ga bai kai a tara masu ilmi dominsa ba, watau allunan suna na gidajen abinci da suka mutu a garuruwanmu, tun daga Dutsin-Ma da Dabawa har zuwa Kurfi. Idan aka ce tarihi a ƙasar Katsina, hankalin kowa yakan tafi ga hasumiyar Gobarau, ko kushewun Durɓi ta Kusheyi, ko ganuwar birni da ƙofofinta. Waɗannan kuwa tarihin sarakuna ne da malamai. Ni tambayata ita ce, ina direban babbar mota da malamin firamare da ƙaramin akawun ƙaramar hukuma suka ci tuwon dare, kuma wa ta tuƙa musu shi?

Da farko ya kamata mu tuna cewa a al'adar Bahaushe cin abinci a kasuwa ba abin alfahari ba ne ga magidanci. Wanda yake da iyali a gari, aka gan shi zaune gaban mai tuwo, to sai an yi ta tambaya ko lafiya a gidansa. Saboda haka tuwon sayarwa na baƙo ne da fatake da gwauro. Mai tuwon dā kuma ba ta bukatar allo, domin sunanta shi ne allonta: duk wanda ya sauka a tasha ya tambaya, yaro zai kai shi. Allo bai zo ba sai da abu biyu suka haɗu, hanyar mota da karatun boko. Ranar da mai abinci ta biya mai fenti ya rubuta mata suna a jikin langa-langa, ranar ta tabbatar cewa akwai baƙi a garin da ba su san kowa ba, amma sun iya karatu.

Baƙin nan kuwa mun san lokutan zuwansu. An yi wa Dutsin-Ma ƙaramar hukuma a 1976, ma'aikata suka zo. An yi aikin madatsar ruwa ta Zobe har aka kammala a 1983, leburori da direbobi da injiniyoyi suka cika gari. An cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna a 1987, aka yi ta sauya wa ma'aikata wurin aiki. Ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya haifi gidajen abinci nasa, kuma mafi yawansu mata ne suka riƙe su. Ku je ku bincika fayilolin ofis, da wuya ku sami sunan ko ɗaya daga cikin matan nan, alhali kuwa da ribar tuwo da shinkafa wasunsu suka aurar da 'ya'ya, suka gina gida, har suka sauke farali.

To, me allo zai gaya wa mai bincike? Abu mafi daraja a jikinsa shi ne farashi. Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Duk allon da ya ce kwanon tuwo sisi ne ko taro, ya riga ya faɗi shekarunsa da bakinsa. Bayan haka, mai abinci ba ta cika sayen sabon allo ba in kaya sun tashi. Sai dai a shafe tsohon lamba da fenti, a rubuta sabo a kai. Wanda ya kankare fentin a hankali zai iya ganin tashin farashin da ya biyo bayan kuɗin Udoji a 1975, da wanda ya biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ɗaya bisa ɗaya kamar ɓawon albasa. Masanin tattalin arziki yana neman irin wannan shaida a Legas da Kaduna, ga ta kuwa ana kare awaki da ita a bayan gida.

Akwai kuma rabon masu nazarin harshe. A jikin allo ne ake ganin yadda talaka yake rubuta Hausarsa in babu malami a kansa: inda ya yar da lanƙwasar ƙ da ɗ, inda ya gauraya ta da Turanci, inda ya sa ajami a ƙasa domin almajiri da dattijo. Sunayen ma abin lura ne, don yawancinsu addu'a ce, irin su alheri da rahama da nasara. Masu rubutun nan da buroshi sun kusa ƙarewa, tunda yanzu kwamfuta ke buga allo a kan leda, rana ta cinye shi cikin shekara biyu ko uku.

Kada a ce wannan sha'awar tsofaffi ce kurum. A birnin Las Begas na Amurka an kafa gidan adana tsofaffin allunan lantarki na otal-otal da gidajen abinci tun 1996, kuma mutane suna biyan kuɗi su shiga kallo. Mu kuwa a nan, Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina saboda bikin FESTAC na 1977, an rushe shi a Janairun 2020. In haka ta sami ginin da duk Arewa ta sani, ina ga rumfar mai tuwo a bakin tashar Kurfi? Bugu da ƙari, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta fi mai da hankali ga kayan da aka yi kafin 1918, don haka allon 1975 ba shi da mai kare shi a gaban doka. Mai nemansa da gaske ɗaya ne, ɗan gwangwan, shi kuma a kan sikeli yake yi masa kuɗi.

Abin ya ƙara gaggawa tun 2021, lokacin da matsalar tsaro ta sa gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwar Dutsin-Ma da wasu kasuwanni, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Mai abinci da kasuwa take rayuwa. In falke bai zo ba, tukunya ba ta hau murhu ba.

Roƙona ga ɗalibai shi ne, duk wanda zai rubuta kundin digiri a sashen Tarihi ko na Hausa ya ɗauki titi guda. Ya ɗauki hoton kowane allo, ya auna shi, ya rubuta inda ya same shi, sa'an nan ya nemi mai shi ko 'ya'yanta ya ɗauki maganarsu, domin allo ba tare da labarin mai shi ba rabin shaida ne. Kada a ɓalle allon kowa sai da yardarsa, in kuma ya ce a saya, a saya. Ma'aikata kuma, ku ne kuke sa hannu a takardar rushe rumfuna idan za a faɗaɗa titi. Ku ƙara layi ɗaya a cikin takardar, cewa a cire alluna a kai su sakatariya kafin katafila ta iso. Ɗaki guda mai rufin da ba ya yoyo ya isa a fara da shi, ko a jami'a ko a ofishin Yandakan Katsina.

Shugaban taro, na ga akwai dattawan tasha a zaune can baya, su suka fi ni sanin gidajen nan, ina roƙo a fara ba su dama kafin ɗalibai. Wassalamu alaikum.