Haƙƙin Ɗalibi Idan Bai Yarda da Sakamakon Jarrabawarsa Ba: Jawabin Sakataren Ƙungiya a Taron Iyaye



An umarce ni in yi bayani a kan wata matsala da ke yawan zuwa ofishinmu. Alhamdu lillahi, yanzu 'ya'yanmu suna cikin jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin horon malamai na wannan yanki. To amma sau da yawa yaro zai dawo gida ya ce an kayar da shi a kwas ɗin da ya tabbata ya ci, ko kuma sakamakonsa bai fito ba sam. Sai uba ya ce, "Yi haƙuri, mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne." Wani uban kuma sai ya nemi wanda zai kai wa malami na goro. Jama'a, duka biyun ba hanya ba ce. Makarantu suna da ƙa'idar ɗaukaka ƙara a rubuce, kuma ɗan Bahaushe yana da haƙƙin binta kamar ɗan kowa.

Kada a raina maki ɗaya. A yawancin jami'o'inmu, 70 zuwa sama shi ne A, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C. Kun ga tsakanin 59 da 60 akwai mataki guda. Waɗannan matakai ake tarawa a fitar da darajar digiri. A ma'aunin maki 5, sai ɗalibi ya kai 3.50 zai sami daraja ta biyu ta sama, wadda ma'aikatu da yawa ke nema kafin su ɗauki mutum aiki. Wanda aka kayar kuwa sai ya maimaita kwas ɗin, wani lokaci har ya ƙara shekara, iyaye su sake biyan kuɗin makaranta da na haya.

Abu na farko, ɗalibi ya gane irin matsalarsa, domin iri biyu ce. Akwai kuskuren rubutu, wato an manta da makin gwajin cikin zango, wanda a makarantu da yawa yake ɗaukar 30 cikin 100, ko an yi kuskuren lissafi, ko an rubuta cewa bai zauna jarrabawar ba alhali ya zauna. Irin wannan ba ya buƙatar rigima. Ya je wurin malamin da ke kula da ajinsu, ko jami'in jarrabawa na sashensu, cikin ladabi, ya roƙi a duba. A nan ne takardu ke amfani: takardar rajistar kwasa-kwasai, rasit na kuɗin makaranta, katin shiga jarrabawa, da takardun gwajin da aka mayar masa. Sa hannun da ya yi a takardar halarta ranar jarrabawa shi ne babban shaidarsa. Iyaye mata, don Allah kada a ƙunshe ƙosai da takardun yara. A yi musu fotokwafi a adana.

Iri na biyu shi ne ɗalibi ya ga ba a yi wa takardarsa adalci wajen ba da maki ba. Wannan shi ke buƙatar neman a sake duba takarda. Sai ya buɗe littafin dokokin ɗalibai da aka ba shi lokacin shiga makaranta, domin kowace makaranta da tsarinta. Galibi ana rubuta takardar koke zuwa ga rajistara ko shugaban makaranta, ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya. A sa suna, da lambar ɗalibi, da lambar kwas, da zangon karatu, da dalili a taƙaice. Ban da zagi, ban da zargin da ba hujja. Akan biya wani kuɗi, kuma a banki ko asusun makaranta ake biya a karɓi rasit, ba a hannun mutum ba. Daga nan sai a ba wani malamin daban takardar ya duba, sau da yawa daga wata makarantar, sannan majalisar malamai ta makaranta ta tabbatar da hukunci.

Ku riƙe abu biyu. Na ɗaya, akwai wa'adi. Idan ya wuce ba za a saurare ka ba, ko da gaskiya na hannunka, saboda haka ranar da sakamako ya fito ranar za a tashi. Na biyu, duk takardar da aka miƙa, a sa sakataren ofishin ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Maganar baki ba ta zama shaida.

Idan makaranta ta yi shiru, ko aka ga alamar zalunci, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975. Tana da ofisoshi a jihohi, ba a biyan ko kwabo, amma dokarta ta ce a kai ƙara cikin wata 12. Idan kuwa malami ya nemi kuɗi, ko ya nemi 'yarmu da lalata kafin ya ba ta maki, wannan ya wuce batun jarrabawa, laifi ne. A sanar da hukumar makaranta, a kuma kai wa hukumar ICPC, wadda aka kafa a shekarar 2000. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana hukuma nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko asalin garinsa.

Kotu ita ce matakin ƙarshe. A 1986 Kotun Ƙoli ta ba ɗaliban Jami'ar Maiduguri da aka kora gaskiya, saboda ba a saurare su yadda doka ta tanada ba. Amma ku sani, alƙali ba ya ba da maki. Abin da yake dubawa shi ne ko an bi ƙa'ida, don haka a fara gama matakan cikin makaranta.

Ku kuma ɗalibai, ku gaya wa iyayenku gaskiya. Wanda ya san bai yi karatu ba, kada ya ɗora wa malami laifi, ya ja wa mahaifinsa asara, ya kuma zubar mana da mutunci. Mai sake dubawa ba ruwansa da kowa, abin da ka rubuta shi zai gani. Wanda kuma ya san yana da gaskiya, kada tsoro ya hana shi magana.

Duk wanda yake son taimako wajen rubuta takardar koke, ya zo ofishin ƙungiya tare da ɗansa da takardunsa. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.