Daga farantin talla zuwa shago: jawabin gidan masu alkaki a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Hajiya shugaba, iyayen ƙungiya, Malama magatakarda, Hajiya ma'aji, 'yan'uwa mata, da mazajenmu da suka daure suka zo suka zauna can baya, muna yi wa kowa barka da wannan rana. Allah Ya maimaita mana. An ce mu tashi mu faɗi yadda sana'ar gidanmu ta taso, tunda da yawanku kun san mu tun muna sayarwa a zaure. Mun amsa, amma idan labari ya ƙare akwai roƙo biyu da za mu ajiye a gaban shugabanni.

Sana'ar nan gadonta muka yi. Mahaifiyarmu, Allah Ya ji ƙanta, alkaki da nakiya take yi, su ma sai an yi biki ko haihuwa an kawo mata aikin gara. In ba lokacin biki ba ne sai ta ɗan yi kantun riɗi da alewar gyaɗa, a ɗora wa yara a faranti su zaga unguwa. Mu ne yaran. Da ta rasu sai muka haɗu, mu 'ya'yanta mata da matar yayanmu, muka ce kaskon nan ba zai huce ba. Ɗayarmu tana da ɗan tebur a kasuwa, to ta nan ne kayan suka fara fita daga unguwa.

Bari mu ɗan tsaya a kan alkaki, saboda yaranmu da ke nan a leda kawai suke ganinsa, suna tsammani daga inji yake faɗowa. Aikin kwana biyu ne. Za a gyara alkama, a wanke, a shanya, a kai a ɓarza ta, ba a so ta yi laushi irin na fulawa. A murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan nono mai tsami ko yis, a rufe ta kwana. Washegari a sa ruwan kanwa ya kashe tsamin, a murza, a naɗe shi ɗaya bayan ɗaya da hannu, a soya. Wutar ma ba a cika ta, in ba haka ba waje ya yi ja ciki yana ɗanye. Sannan a tsoma shi cikin sukarin da aka dafa da lemun tsami ko tsamiya, wanda shi ke hana sukarin ƙanƙarewa ya yi fari a jikinsa. Nakiya kuwa shinkafar tuwo ce, a niƙa, a soya garin, a haɗa da sukari ko zuma, da man shanu, da citta da kanumfari da masoro, a kirɓa a turmi har kafaɗa ta gaya miki. In ta yi kyau tana watanni ba ta canza ba, don babu sauran ruwa a jikinta. Shi ya sa iyayenmu suka sa su a gara: amarya ta samu abin ajiye wa baƙi a kwanakin da gidanta ba ya rabuwa da 'yan ganin ɗaki.

Jarinmu na farko kwasar adashe ne. Na biyu rancen wannan ƙungiya ne, da shi muka sayi babban kasko da sikeli, muka kama hayar ɗan shagon da ke bakin layi. Mun biya shi a kan lokaci, Hajiya ma'aji tana nan shaida ce.

Amma in za a tambaye mu abin da ya fi ɗaga sana'ar, littafi ne. Lissafin ka dai kowace 'yar kasuwa tana da shi, ba wanda zai cuce ta a canji. Sai dai kai ba ya riƙe odar gida goma a mako ɗaya, wace ta ba da kafin alƙalami, wace ta ce a sa mata zuma, wace ranar kamu take so. Da muka shiga ajin yaƙi da jahilci, irin wanda Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano take gudanarwa tun kafa ta a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, abin da muka fara rubutawa bayan sunanmu shi ne kuɗin kwanon alkama. Yanzu duk kaskon da aka sauke an san nawa ya ci, har kuɗin niƙa da gawayi da leda da na mai adaidaita sahu. Kuma muka kafa doka ɗaya: tukunyar gida daban, jarin shago daban. Ko maigida ne ya yi baƙi ya aiko a ɗebo masa dubulan, za a ba shi da ladabi, a kuma rubuta. Ga su can suna dariya, sun san gaskiya ne.

Sukari da fulawa da madara da mai a Singa muke saye. Riɗi da gyaɗa sai Dawanau. Alkama kuwa mun fi son ta noman rani ta wajen Kura da Kadawa, in ta shigo sabuwa. Da 'ya'yanmu suka tasa su ne suka kawo gullisuwa da tuwon madara da iloka da gireba, suka ce a riƙa zubawa a 'yan robobi masu murfi, a manna takarda mai lambar waya. Su ke ɗaukar hoto su sa a WhatsApp. Ta haka aka fara kiranmu daga Kaduna da Abuja, mu kai tasha a ba direba. Mun yi rajistar sunan sana'a a hukumar CAC. Lambar NAFDAC ce muke bi yanzu, don manyan kantuna ba sa karɓar kayan ci na cikin roba sai da ita.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A kullen korona na 2020, wanda ya haɗe da azumi, biki ya tsaya cak, mu kuma biki ne gonarmu. Ƙananan ƙulli muka koma yi, na yara da na buɗa-baki, maƙwabta suna aikowa ta ƙofa. Su suka riƙe mu. A farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, wanda yake son alewa ba shi da abin miƙawa. Nan ma karatun ya yi rana, don mun iya duba waya mu tabbatar kuɗi ya shiga asusu kafin kaya su fita. Sai ga cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar. Kuɗin mota ya hau, niƙa ya hau, buhun sukari mai kilo 50 kuwa, in aka kwatanta da farashinsa na lokacin korona, ya ninka ya sake ninkawa. Mun gwammace mu ƙara kuɗi mu faɗa wa mai saye a fili, da mu rage man shanu a ɓoye.

Yanzu ga abin da ke tsakanin shagon da unguwa.

Tun ranar da muka samu shago muka sauke faranti daga kan yara. Mun yi talla mun san abin da ke cikinta, ba sai an ba mu labari ba. Ba ma zargin uwar da dole ta sa ta ɗora wa 'yarta, amma mu a wajenmu duk yarinyar da za ta taya mu aiki sai ta dawo daga makaranta, kuma a sallame ta kafin lokacin Islamiyya. Naɗin alkaki da murjin dubulan, masu cin hannu da yawa, muna kai su cikin gidaje, wajen matan da ba sa fita da waɗanda mazansu suka rasu. Kwano ake ƙirgawa, a biya a ranar. A hutun makaranta kuma muna koya wa 'ya'yan mambobi kyauta. An sha ce mana muna yi wa kanmu kishiyoyi. To, bikin Kano ya fi ƙarfin kaskon gida ɗaya. A watan Sha'aban, da ake rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, da kuma bayan sallah, aiki yana yi mana yawa har mu rasa barci, kuma waɗanda muka koya wa ɗin su muke tura wa ragowar. Wasunsu yau sun fi mu iya gireba.

Akwai kuma asusun gara. Uwar amarya tana fara ajiye kaɗan-kaɗan a wurinmu tun an sa rana, muna rubutawa a gabanta, in biki ya zo nauyin ya ragu. Idan marainiya ce ba ma karɓar kuɗin aiki: maƙwabta su kawo alkama da sukari, mu mu sa hannu da wuta. Kuma ko da yake da gara muke ci, za mu faɗa: gasar da ta shigo cikinta ta yi yawa. Mun ga uwar da ta sayar da akuyoyinta kaf don kada dangin ango su ce robobin alkakinta ba su kai na maƙwabciya ba. In irinta ta zo mana, mu da kanmu muke cewa ta rage. Haka iyayenmu masu ciwon suga da suke zuwa suna cewa a ba su na zuma wai shi ba komai: zuma ma tana ɗaga suga, ba za mu ruɗe ku don ciniki ba.

To ga roƙon.

Na farko bashi ne. Akwai iyayen da biki ya zo musu asusun bai cika ba, muka ce a ɗauki kaya a biya daga baya, don ba a barin 'yar unguwa ta tare da kunya. Wasu sun biya, Allah Ya saka musu. Wasu kuwa amaryar har ta haihu an yi suna, shafinsu yana nan a buɗe. Ba za mu kira suna ba, ba yau ba, ba gobe ba. Amma kuɗin nan shi ne za a yi wa 'yar wata aiki da shi, kuma in aka shiga Sha'aban mai zuwa bai dawo ba, dole mu rufe bashin gara gaba ɗaya, wanda ba ma so. Wadda abin ya yi mata nauyi ta samu Hajiya ma'aji a keɓe, a yanka mata abin da za ta iya duk mako, ko yaya yake.

Na biyu na kowa ne. Ku duba ɗakin nan: mai waina, mai fanke, mai cincin, mai zoɓo da kunun aya, mai ƙosai. Kusan kowacce tana sayen sukari da mai da fulawa, amma a kwano da kwalba, a hannun na uku ko na huɗu, kuma kowacce ta biya kuɗin motarta ita kaɗai. Muna roƙon ƙungiya ta duba mu riƙa haɗa kuɗi duk wata a je Singa sau ɗaya, a sayo buhu da jarka a farashin sari, mota ɗaya ta kawo. Mun ba da ɗakin ajiyar da ke bayan shagonmu da sikelinmu, ba ko kwabo. Makulli ya zama biyu, ɗaya a hannunmu, ɗaya a hannun wadda ƙungiya ta zaɓa, kuma duk kwanon da ya fita a rubuta. Malama magatakarda ta ce za ta zauna a bakin ƙofa da takarda bayan an tashi. Wadda take so ta faɗi sunanta da abin da take saye a wata, don a san buhu nawa za a fara da shi.

Tiren alkaki da nakiya yana nan kusa da ita, na kowa ne, yau ba a rubutawa. Yara a bari iyaye su fara ɗauka.

Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa albarka a neman kowa, Ya ji ƙan waɗanda muka fara da su ba su kawo yau ba.