Zanen Gini da Kwamfuta: Abin Dubawa Kafin Mu Biya wa Yaro Kuɗin Kwas

Jawabin da akawun ƙungiya ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, a Adabraka.



Shugaba, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, malamanmu, 'yan kwamiti, da 'yan'uwa da suka taso daga Aflao, Paga da Kumasi, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana. Ni yaro ne a cikinku, aikina riƙe littafi da rubuta rasit. Shugaba ne ya ce in tashi in yi bayani a kan wata magana da ta daɗe tana zuwa teburina, saboda haka inda na yi kuskure a gyara mini.

A cikin takardun neman taimakon karatu da ke shigowa ofis, yanzu ana yawan samun yaran da ke roƙon a biya musu kwas ɗin AutoCAD. Uba zai zo ya tsaya a kaina ya ce, "Akawu, wannan sana'a ce ko wasan kwamfuta?" Amsata a gaban jama'a ita ce sana'a ce, kuma ta cancanci kuɗinmu. Sai dai kwas suna ya tara, wanda bai duba ba zai biya kuɗin sana'a a miƙo masa takarda kawai.

AutoCAD manhaja ce ta zane da wani kamfanin Amurka mai suna Autodesk ya fitar a shekarar 1982. Aikin da mai zanen gini yake yi a dā da fensir da rula a kan babban allo, shi ake yi da ita a kwamfuta. Ana zana kowane bango da tsawonsa na gaskiya, sannan a buga a takarda da ma'auni, misali 1:100, wato santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ne a ƙasa. Bango yana shafinsa, wayar wuta tana nata, bututun ruwa ma haka, kowanne ana iya duba shi daban. In maigida ya ce a faɗaɗa shago da mita ɗaya, wurin kaɗai za a gyara, ba sai an sake zanen daga farko ba. Akwai 'yan'uwanta irin su Revit, ArchiCAD da SketchUp, masu nuna ginin a tsaye kamar an riga an gama shi. Da Revit har ana iya fitar da lissafin ƙofofi, tagogi da faɗin bango, abin da ke taimaka wa mai ƙiyasta bulo da siminti. Masu aikin ƙarfe kuma, irin na Suame a Kumasi, ana iya zana musu ƙofa ko wani ɓangaren inji, a ba injin yanka ya bi zanen.

Me ya haɗa ɗan kasuwa da wannan? Kowa a nan ya taɓa ganin jan fenti a jikin sabon gini, an rubuta a tsai da aiki a kawo takardar izini. Majalisar gunduma ce ke ba da izinin gini: Korle Klottey ga mu na Adabraka, Ayawaso ta Gabas ga Nima, Ayawaso ta Arewa ga Maamobi. Ba za su karɓi takardarka ba sai da shaidar mallakar fili, da taswirar filin, da zanen ginin, da zanen injiniya mai nuna rodi da ginshiƙai. Duk wanda ya gina sito ko ya ɗora bene a gidan gado ya biya kuɗin waɗannan takardu, kuma da wuya kuɗin ya shiga hannun ɗan zango.

A watan Yuli na 2021, da aka tashi masu albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, mun ga yadda rumfa da wurin ajiya suka zama maganar rayuwa. Albasar da ta taso daga Galmi ta kwana da kwanaki a hanya tana son iska da inuwa da daɓe mai tudu, in ba haka ba ta ruɓe a buhu. Rumfar da za ta yi wannan aikin sai an auna, an zana, an san inda iska za ta bi da inda tirela za ta juya.

Akwai kuma maganar rai. A watan Nuwamba na 2012 benen wani babban kanti ya rufta a Achimota, mutum 14 suka rasu. Ranar 3 ga Yuni 2015 kuwa ba sai na tuna wa mutanen Adabraka ba, ruwan Odaw ya shiga ɗakunanmu, gobarar Circle ta ci fiye da mutum 150. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A unguwanninmu filaye ƙanana ne, lunguna matsattsu, iyali kuma na ƙaruwa, don haka kowa sama yake son hawa. Ɗora bene a kan harsashin da aka yi don ɗaki ɗaya ba abu ne da za a yi da ido ba.

A nan ne nake roƙon iyayenmu su saurare ni da kyau. Kwas na wata uku ba ya mai da yaro injiniya, ba ya mai da shi masanin tsara gini mai rajista. Waɗannan sai an yi shekaru a jami'a irin KNUST ta Kumasi, an yi aiki a ƙarƙashin manya, sannan hukumarsu ta yi wa mutum rajista ya samu hatimi. Abin da kwas ke fitarwa shi ne mai zane, wanda zai zauna a ofishin masu hatimi ko wajen ɗan kwangila ya zana abin da aka tsara. Aiki ne mai mutunci, ana ci da shi, kuma tsani ne ga mai son ya ci gaba. Amma kada wani ya ce ɗana ya iya kwamfuta, shi zai faɗa mini yawan rodin da za a sa a dekin. Wannan lissafin na injiniya ne.

Na san zafin kuskuren da kaina. Shekarun baya na cire kuɗi daga adashina na biya wa ƙanena kwas a wani wuri a cikin garin nan, ba zan kama suna ba. Tallarsu ta ce mako uku ka ƙware. Yara sun yi yawa, kwamfutoci kaɗan, rabin lokaci dumso. Ya dawo da satifiket mai kyan gani. Na miƙa masa tef na ce ya auna mini ofishinmu ya zana, sai ya tsaya yana kallona. Ya san inda ake dannawa a ja layi, bai san kaurin bango ba, bai san yadda ake nuna ƙofa a zane ba. Laifina ne, don ban taka na je na gani ba kafin in biya. Daga baya wani dattijon birkila a Maamobi ya riƙa tafiya da shi wurin aiki yana riƙe masa tef, sannan ya sake kwas a inda ake sa ɗalibi ya zana gida guda daga harsashi zuwa rufi. Yau yana zane a ofishin wani ɗan kwangila, shi ke biyan kuɗin makarantar ƙanwarmu.

Saboda haka duk wanda zai biya, ko da kuɗinsa ko da na ƙungiya, ya yi waɗannan tambayoyi tukuna.

Na farko, ɗalibi nawa ne a kan kwamfuta ɗaya, kuma awa nawa yaro zai yi da hannunsa a kai? Ka je da kanka lokacin darasi, gani ya kori ji.

Na biyu, malamin ya taɓa zana ginin da aka gina? A nuna maka zanen da ɗaliban bara suka buga a babbar takarda.

Na uku, wace hukuma ce ta san da satifiket ɗin? A Gana hukumar CTVET ce ke kula da makarantun koyon sana'a. Kusa da mu akwai cibiyar ATTC a Kokomlemle, akwai kuma Accra Technical University, tsohuwar foliteknik, mai sashen gini da na injiniya. A fara tambaya a irin waɗannan wurare.

Na huɗu, shi yaron fa? Yana son lissafi da awo? Wanda ya yi darasin zanen fasaha a sakandare, ko ya taɓa bin magini ko kafinta ko mai walda, ya fi saurin kamawa.

Na biyar, ina zai ci gaba da gwaji bayan an tashi? Manhajar tana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma lasisinta na shekara yana da tsada. Autodesk na ba ɗaliban makarantun da aka amince da su lasisi kyauta, a tambayi makaranta ko tana ciki. Akwai kuma FreeCAD da LibreCAD da kowa zai iya saukewa ba da ko kwabo ba.

Wani zai ce in yara suka tafi zane, wa zai gaji kasuwa? Mu tuna daga Maris 2020 zuwa Maris 2022 iyakokin ƙasa a rufe suke ga matafiya, kuma ni na riƙe littafin, na san yadda kuɗin wata ya riƙa gagarar mutanen da ba su taɓa makara ba. Gidan da ke da sana'a ta biyu ya fi samun sauƙi. Ita wannan sana'ar ma ta ƙetare iyaka ce, don zanen da aka yi a Nima ana tura shi ta WhatsApp a buɗe shi a Lome, Wagadugu ko Yamai, mita ɗaya ce ko'ina. Yaranmu suna jin Hausa da Turanci, wasu har da Faransanci, kuma iyayensu suna da abokan ciniki a duk garuruwan nan da ke gina shaguna da gidaje.

Ga shawarar da nake kawo wa kwamiti. A ware wani kaso daga asusun taimako a biya wa yara huɗu a shekarar farko, maza biyu mata biyu, don aikin zama ne da natsuwa kuma 'yan matanmu ba a bar su a baya a lissafi ba. Kada a ba kowa kuɗi a hannu, a biya makarantar kai tsaye bayan mutum biyu daga kwamiti sun je sun duba. A sayi kwamfuta biyu masu ƙarfi a ajiye a ofis, yara su riƙa zuwa bi da bi, ni zan riƙe makulli da rajista. A nema wa kowane yaro magini ko ɗan kwangila daga cikin mutanenmu da zai riƙa bi wurin aiki. Jarrabawarsu a wurinmu kuma ita ce su auna ofishin nan da rumfunan membobi su zana, mu kai wa mai hatimi ya duba. Wanda ya samu aiki ya mayar da rabin abin da aka kashe masa a hankali, domin na bayansa.

Wannan kuɗi guminku ne, ku ne za ku yanke a taron wata mai zuwa. Mai son sa sunan ɗansa ko 'yarsa ya same ni a ofis bayan La'asar, ya zo da yaron da sakamakon jarrabawarsa.

Allah ya sa albarka a kasuwarmu da zuriyarmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya.