Baƙo a Birnin Kano

Ga shi an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, na kuwa ji da yawa daga cikinku suna shirin tafiya Kano cin rani. Waɗansunku ma ba su taɓa zuwa ba. Saboda haka na ga ya kamata in gaya muku abin da na sani game da zaman baƙo a wannan birni, gama ni ma da baƙunci na fara, na kuwa sha wuyar da ba na so ku sha.

Da fari sai ku san girman wurin da za ku. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da miliyan 9 a Jihar Kano. Jihar tana da ƙananan hukumomi 44, takwas daga cikinsu su ne birni da kewayensa, watau Birni, da Fagge, da Dala, da Gwale, da Tarauni, da Nassarawa, da Ungogo, da Kumbotso. Tsohon birni shi ne wanda ganuwa ta kewaye. Sarki Gijimasu ya fara gina ta tun wajen shekara 900 da suka wuce. Yawancinta ya zube yanzu, amma sunayen ƙofofinta suna nan, da su kuwa a ke kwatance: Ƙofar Mata, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Kabuga, da sauransu. A bayan ganuwa akwai Fagge, tsohon zangon fatake, da Sabon Gari, wanda aka kafa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Can ne mutanen Kudu suka fi yawa.

Kada girman nan ya tsorata ku. Kano ta saba da baƙi tun fil azal. Ku duba sunayen unguwanninta: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, da Ayagi inda Yarabawa suka zauna, da Dandalin Turawa inda Larabawa suka sauka, gama su a ke kira Turawa kafin zuwan mutanen Ingila. Duk zuriyar baƙi ne, yau kuwa Kanawa ne. Alhassan Ɗantata kansa a Bebeji aka haife shi a 1877. Ya yi fataucin goro a Gwanja, sa'an nan ya zauna a Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa, har ya rasu a 1955. Amma fa ku tuna da kirarin garin: Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. In ka zo da wayo, akwai wanda ya fi ka wayo, yana kuwa jiranka a tasha.

Bari in ba ku labarin ranar da na fara sauka. Ina saurayi, da jakata a kafaɗa, kuɗin guzurina a ciki. Ina fitowa daga mota sai wani mutum mai tsabtar riga ya tarye ni da fara'a, ya ce, “Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Daga ina?” Na faɗa masa sunan garinmu. Ya ce, “Ashe na gida ne! Wurin wa za ka?” Na faɗi sunan kawuna. Ya ce ai maƙwabcinsa ne, jiya ma tare suka yi sallar isha'i. Ya karɓi jakata don ya taimake ni, muka yi ta ratsa lunguna, har muka isa wani zaure. Ya ce in dakata ya shiga ya yi mini iso. Na zauna tun azahar har la'asar ta yi. Da na gaji na yi sallama, sai wani dattijo ya fito ya ce, “Yaro, wannan ai ba gida ba ne, hanya ce, ta ɓulle wancan lungu.” Ran nan a masallaci na kwana, da yunwa. Ku lura, duk abin da mutumin nan ya sani game da ni, daga bakina ya ji shi.

To, ga darasi na farko. Kada ka bar gida sai ka san wurin wanda za ka sauka. Yanzu da Allah ya sa kun iya karatu da rubutu, ka rubuta sunansa, da unguwarsu, da lambar wayarsa a takarda, ka sa a aljihu dabam da inda wayarka ta ke. Ka yi ƙoƙari ka isa da rana. In ka sauka a tasha, ko Unguwa Uku, ko 'Yan Kaba, ko Kabuga, kada jakarka ta bar hannunka. In za ka yi tambaya, ka tambayi mai zaune a rumfarsa, wanda in ka komo gobe za ka same shi. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda zai tambaya.

Sa'ad da ka sami masauki, ka roƙi mai masaukinka ya kai ka ka gai da mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ran da aka yi sata a unguwa, baƙon da ba wanda ya san shi a kan fara zargi. Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa kullum. In kuwa haya za ku kama, ku da 'yan garinku, kada ku ba dillali kuɗi sai kun ga ɗakin da idonku, kun ga mai gidan, an kuma rubuta muku rasit. Ka karanta rasit ɗin da kanka, ka ga kuɗin da watannin da aka rubuta sun yi daidai da abin da kuka shirya.

Na biyu, sha'anin neman abinci. Kasuwannin Kano ko wace da abin da ta shahara da shi. Kurmi ita ce uwa, tana cikin birni, an kafa ta a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Kantin Kwari ta yadi ce da atamfa da shadda. Dawanau, a hanyar Katsina, ta hatsi ce. Singa ta kayan masarufi ce, irin su shinkafa da sukari da sabulu. 'Yan Kaba ta kayan gwari ce, 'Yan Lemo ta kayan marmari, Ƙofar Wambai ta gwanjo da robobi, Ƙofar Ruwa ta kayan gini da na gyaran mota. A duk waɗannan ana bukatar 'yan dako, da masu tura baro, da masu gadi, da yaran kanti. Bayan su akwai leburancin gini, da garuwa, da yankan farce, da wankin takalmi. Ba sana'ar da ta ke abin kunya in halal ce.

Amma ko wace kasuwa tana da shugabanninta da ƙa'idodinta. Ba a faɗa wa dako haka kawai, sai wani ya tsaya maka. Wanda ya tsaya maka kuwa, mutuncinsa ya ba da jingina, kada ka kunyata shi. Ka yi ciniki kafin ka ɗauki kaya, kada ka bari sai ka sauke. In an ba ka saƙo, ka kai shi yadda aka ba ka. Na san waɗanda suka fara da dako yau suna da rumfa, ba kuwa ƙarfi ya kai su ba, amana ce.

Wajen zirga-zirga, tun 2013 gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin gari. Abin hawan talaka shi ne keke mai ƙafa uku da a ke kira A Daidaita Sahu, sunan da ya samo daga wani shirin gyaran hali na zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau. Ka faɗi inda za ka, ka ji kuɗin kafin ka hau. Kada ka riƙa latsa waya a bakin titi ko cikin duhu, gama masu ƙwacen waya suna ɗauke da makami. In sun tare ka, ka ba su. Waya ana sake saye, rai ba a sakewa.

Na uku, kuɗi. A ƙauye ruwa kyauta ne, itace kyauta, wurin kwana kyauta. A birni har wanka da bayan gida sai ka biya. Saboda haka wanda ya ga yana samun kuɗi kullum ya kan zaci ya yi arziki, sai ƙarshen wata ya ga ba kome a hannunsa. Ka sayi ɗan littafi, ko wane dare ka rubuta abin da ka samu da abin da ka kashe. Ka raba samunka uku: na ci, na aika wa gida, da na ajiya. In za ka shiga adashe, ka shiga da waɗanda ka san asalinsu. In kana da asusun banki, lambar sirrinka taka ce kai kaɗai. Duk wanda ya buga maka waya ya ce daga banki ya ke, ka faɗa masa lambar, ɓarawo ne. Haka kuma wanda ya ce zai ninka maka kuɗi. Da ya iya, da nasa ya ninka.

Na huɗu, lafiya, gama jikinka shi ne jarinka. Inda mutane suka cunkushe, nan cuta ke saurin yaɗuwa. Ka tafi da gidan sauronka, domin sauro ke kawo zazzaɓin maleriya. Ruwan da ba ka amince da shi ba, ka tafasa. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan ka zaga. In gudawa ta kama ɗan ɗakinku, ku auna lita 1 ta ruwa mai tsabta, ku zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, ya yi ta sha, ku kuwa kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Asibitin Murtala yana nan kusa da Ƙofar Mata, akwai kuma ƙananan asibitoci a unguwanni. Sa'an nan ina gargaɗinku da ƙwaya. Za a ce muku tiramadol na ƙara ƙarfin aiki. Ba ta ƙara kome, ɓoye gajiya ta ke yi, har jiki ya lalace mai shi bai sani ba, daga nan kuma ba ya iya aiki sai da ita. Maganin tari mai kodin ma, saboda irin wannan ɓarna Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018.

Yanzu sai mu zo ga hutu, wanda a ganina nan ne baƙo ya fi shiga hatsari. Da rana aiki ya tsare ka. Amma in magariba ta yi, ka tuna da iyalinka, kewa ta taso, sa'an nan ne abokin banza ya kan zo da fara'a. Ba na ce kada ku huta ba, jaki ma a kan sauke masa kaya. Abin da na ke so shi ne ku zaɓi hutun da za ku tashi da safe ba ku yi nadama ba.

Irin wannan hutu kuwa yana da yawa, mai araha. Ka hau Dutsen Dala da yamma, inda aka ce Barbushe ya zauna, ka ga birni shimfiɗe a ƙarƙashinka. Da ganin nan za ka fara gane hanyoyi. Ka shiga Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, wanda aka mai da shi gidan tarihi. Akwai hotuna da kayan yaƙi na dā, da bayani a rubuce, sai ka gwada karatunka. Ka je marinar Ƙofar Mata ka ga yadda a ke rini da baba kamar yadda kakanni suka yi. Akwai gidan namun daji mai sunan Audu Bako, wanda ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975. Mai son ƙwallo ya je filin wasa na Sani Abacha ya ga Kano Pillars, ƙungiyar da aka kafa a 1990, ta kuma ci kofin ƙasa a 2008, da 2012, da 2013, da 2014. Ana kuma yin dambe da kokawa. In salla ta same ka a can, bisa al'ada Sarki ya kan yi Hawan Salla, kashegari Hawan Daushe, sa'an nan Hawan Nassarawa. A 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan hawa cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Waɗansu shekaru hukuma ta kan dakatar da shi, saboda haka ka tambaya tukuna. In za ka shiga taro, ka bar kuɗinka a masauki.

Hira a teburin mai shayi ko a majalisar ƙofar gida ita ma tana da amfani, nan a ke jin inda aiki ya ke. Sai dai baƙo kunne ya kan fi ba aiki bisa baki. Kada ka sa kanka cikin gardamar siyasa, kada ka karɓi kuɗin kowa don ka bi shi da sanda. Ka nisanci 'yan daba, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Caca kuwa, ko ta karta, ko ta ƙwallo da a ke yi a waya, an shirya ta ne don mai gidan caca ya ci. In ka shiga Sabon Gari za ka ga mutane masu harshe dabam da addini dabam. Ka gaishe su, ka yi ciniki da su da gaskiya, su ma neman abinci ya kawo su.

Mafi kyaun abin da za ka yi da darenka shi ne ka ci gaba da karatun nan da ka fara. Akwai makarantun dare a unguwanni, akwai kuma Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980. Ko ba ka sami aji ba, ka karanta allunan kantuna da sunayen tituna, ka rubuta wa gida saƙo da hannunka. Mai karatu shi a kan ba riƙon littafin kanti, marar karatu kuwa ya tsaya ga ɗaukar buhu.

Daga ƙarshe, kada ka manta da abin da ya fitar da kai. Tun kafin ka tashi ka yanke abin da ka ke nema, ko kuɗin taki, ko sa na huɗa, ko kwanon rufi, ko sadaki, ka rubuta shi a shafin farko na littafinka. In hadari ya fara haɗuwa a gabas, ka ɗaure kayanka. Kada kunya ta hana ka komowa don samunka kaɗan ne. Na ga waɗanda suka ce sai baɗi, baɗi ta zama shekara goma, gona ta zama saura, 'ya'ya suka girma ba su san ubansu ba. Iyalinka sun fi bukatar ganinka da lafiya bisa tsaraba.

Allah ya kai ku lafiya, ya ba ku halal, ya komo da ku lafiya. Wassalam.